Masu lambu, ya ake ajiye irin fis zuwa hunturu mai zuwa?

Maman Khairat: Assalamu alaikum 'yan gida barkanmu da sanyi. Dan Allah masu lambu a cikinmu ina neman shawara. Fis, wato green peas, na shuka a bayan ɗaki cikin buhunan siminti da tsofaffin bokitai tun Nuwamba, Alhamdulillah ya yi kyau har mun fara cira muna sakawa a soyayyar shinkafa. To tunanina yanzu iri ne, don wanda na shuka ɗin wata maƙwabciyata ce ta kawo min daga Jos a ƙulle a leda kuma ta tashi daga unguwar. In na ɓare koren nan na shanya zai yi iri ko akwai yadda ake yi?

Sadiya Jos: Wa alaikumussalam Anti. A'a fa kar ki ɓare kore, ƙwayar ba ta gama ƙosawa ba, in kin shanya ta motsewa kawai za ta yi, kin shuka ta ruɓe a ƙasa ko ta fito a wahale. A jikin uwar ake barinsa sai kwanson ya bushe ya koma ruwan ƙasa, in kin girgiza ki ji yana kacau-kacau

Abba Ɗorayi: Hajiya ni dai shawarata ki cinye abinki hankali kwance, in lokaci ya yi ki shiga kasuwa ki sayi sabon iri na gwangwani ko na fakiti. Irin da aka ajiye a gida gajiya yake yi, bana ya ba ki da yawa, na gaba ya ragu, na gabansa kuma ganye kawai za ki gani. Mun gani a tumatir ba labari ba

Alhaji Garba Mai Lambu: Abba yaro na, tumatir daban fis daban. Mu a fangalanmu na wajen Kura tun kafin a fara kawo irin gwangwani muke ajiye iri kuma ba mu daina ba. Maman Khairat saurara ki ji. Iri tun yana tsaye a gona ake zaɓensa, ba bayan an gama ci ba. Yau ɗin nan ki zagaya bokitan naki ki duba waɗanda suka fi lafiya, ganye kore shar babu lanƙwashewa, kwanso dogo cike da ƙwaya, kuma su suka riga fure. Ki yagi tsumma ki ɗaura musu alama, ki gaya wa yara da duk wanda ke shiga wajen cewa masu tsumman nan ba a taɓa su. Daga yau ba ci ba cira. Sauran ki ci gaba da cin abinki

Maman Khairat: Na gode Baba Allah ya ƙara lafiya. Amma me zai hana in ci gaba da cira a dukansu, na ƙarshe da ya rage sai in bar shi ya bushe? Ina ganin kamar asara ce in bar manyan nan masu kyau

Alhaji Garba Mai Lambu: To ai nan ake yin ɓarnar 'yata. Na ƙarshen nan shi ne wanda ya fito bayan uwar ta gaji, zafi ya fara shigowa, farar cutar nan mai kamar an barbaɗa gari ta hau ganye, kwanson ɗan guntu ƙwaya biyu ko uku a ciki. Shi mutane suke tattarawa su ce sun ajiye iri, in ya ƙi kyau sai a ce iri ya gaji. Ai ko mai kiwo ba ya sayar da lafiyayyun tumaki ya bar gurguwa ta haifa masa garke

Malam Nura: Salam jama'a. Abin da Alhaji ya faɗa haka yake, bari in ƙara bayani kan maganar Abba don shi ma bai yi ƙarya ba a kan tumatir. Da yawa daga cikin irin tumatir na shuka da ake sayarwa a gwangwani yanzu haɗin aure ne, za ka ga an rubuta F1 a jiki, an haɗa uwa daban uba daban, 'ya'yan farko su yi kyau bai ɗaya, amma in ka ajiye irinsu jikokin sai su rarrabu wani ya ɗauko nan wani ya ɗauko can. Shi kuwa fis furensa a rufe yake, yana barbarar kansa tun kafin furen ya gama buɗewa, ƙudan zuma ba su cika samun damar kawo garin wani fure ba. Shi ya sa abin da ka shuka shi ne zai dawo maka, kuma shi ya sa kusan duk irin fis da ke kasuwa ba F1 ba ne, don haɗa shi da hannu fure bayan fure wahala ce da ba ta biyan kamfani. Wannan halin nasa ne ma ya sa Gregor Mendel, wani malamin coci a garin Brno da ke ƙasar Cek ta yanzu, ya zaɓe shi ya yi shekaru yana gwaji a lambun cocinsu daga 1856 zuwa 1863, ya fitar da sakamakon a 1866, daga nan ilimin gadon halitta ya samo tushe. Duk wanda ya yi bayoloji a sakandare zai tuna dogo da gajere, mai santsi da mai tamoji. To wannan fis ɗin ne dai da ke bokitin Maman Khairat

Abba Ɗorayi: Malam na ji batun F1 na yarda. Amma ka gaya min gaskiya, in iri ba ya gajiya me ya sa manoman da suke yi don kasuwa da yawansu suke sayen sabo? Ai ba kuɗi ne ya yi musu yawa ba

Malam Nura: Dalilan suna nan Abba. Mai kai buhu 'Yan Kaba yana son kayansa su nuna lokaci ɗaya su zama girma ɗaya, kuma shi duk abin da ya fito kore kuɗi ne a hannu, barin fangali guda ya bushe na tsawon sati uku ko huɗu bayan lokacin cira yana nufin ƙarin ban ruwa da gadi da hana ƙasar wani amfanin. Sai kuma cuta, wannan ita ce babbar gaskiyar da ke cikin maganarka. Akwai cututtukan fis da suke bin ƙwaya, wata bairos ce mai sa ganye ya yi dabbare-dabbare ya nannaɗe shukar ta tsugune, wata kuma fumfuna ce mai yin baƙin tabo a kwanso har ya ratsa zuwa ƙwaya. In mutum yana tara iri ba zaɓe to kowace shekara cutar ƙaruwa take a cikin irinsa. Ka ga cuta ce aka tara, kuma maganinta kar a ɗebi iri a jikin shukar da ba ta da lafiya. In kuwa lambun gaba ɗaya ya kamu to a nan ni ma zan ce a zubar a nemo sabo

Abba Ɗorayi: To ka ga mun dawo kan maganata kenan

Sadiya Jos: Ba ku dawo ba Yaya Abba, cewa ya yi IN ya kamu. Na Anti lafiyarsa ƙalau ta ce. Kuma wani abu, wannan da aka kawo mata ya riga ya nuna yana iya yi a Kano, a bayan ɗakinta ma, wanda za ta saya a fakiti ba ta san daga ƙasar da ya zo ba ko shekara nawa ya yi a shago cikin zafi. Mu a Jos sanyi yana taimakonmu kusan duk shekara, ku nan ɗan tsakanin Nuwamba zuwa Fabrairu ne kawai, duk irin da ya jure wannan ai abin riƙewa ne da hannu biyu

Maman Khairat: Wlh na ƙaru sosai. To guda nawa zan ɗaura wa tsumman? Kuma in ci gaba da ba su ruwa ko in daina?

Alhaji Garba Mai Lambu: Kar ki tsaya kan ɗaya ko biyu, in kina da hali ki ware kamar goma, in wata ta sami matsala wata ta cece ki. Ruwa ki ci gaba da bayarwa har kwanson ya cika ya fara sauya launi daga kore zuwa rawaya-rawaya, daga nan ki rage, in ya fara bushewa ki ɗauke gaba ɗaya. Kuma a gindi ake zubawa kar ki watsa a kan kwanso. Za ki ga masu tsumman sun daina sabon fure, kar hankalinki ya tashi, haka yake, da zarar uwa ta ga 'ya'yanta sun ƙosa ta gama aikinta. Na ƙasa su suke riga bushewa, ki riƙa bi kina tsinka da safe kafin rana ta yi zafi, don in ya bushe ƙayau rana ta buge shi tsagewa yake ya murɗe ya watsar da ƙwayar a ƙasa. Ɓera da tsuntsu da kaji kuma kin san ba sa jiran izini

Hajiya Uwani: Sannunku da hira. Ni ban taɓa shuka wannan fis ɗin ba amma wake da gujiya da kuɓewa mun ajiye irinsu tun muna gidan iyaye a cikin gari. Abin da zan ce miki 'yar nan, kar ki shanya iri a kan kwanon rufi ko kan siminti da tsakar rana, balle in Maris ya shigo. Wake na ci a shanya shi a rana ya gasu babu komai, amma na shuka yana da rai a ciki. A faifai ko tabarma a inuwa inda iska take wucewa, a baza shi kar a tara, ana juyawa. Iskar hunturun nan da take fasa mana leɓe da dunduniya ta ishe shi

Malam Nura: Hajiya ta gama magana. Mu a Kano busarwa ba ita ce matsalarmu ba, Turawa su ne suke fama da ruwan sama lokacin da irinsu yake bushewa har sai sun tumɓuke shukar sun rataye a ɗaki. Mu sati ɗaya zuwa biyu a inuwa bayan an ɓare ya wadatar. Gwajin kuma mai sauƙi ne, ki danna farce a ƙwaya, in ya bar shaida da saura. Ko ki ɗora ɗaya a dutse ki buga, busasshiya tarwatsewa take, mai danshi kuwa lotsewa za ta yi. Inda aikin yake shi ne daga Maris zuwa Nuwamba, wata takwas kenan, a ciki akwai zafin Afrilu da yake kai digiri 40, sannan damina ta zo da laima, a Agusta ko gishiri a kicin jiƙewa yake. Zafi da danshi in suka haɗu su ne suke kashe iri. Masana iri suna da wani ƙiyasi, duk sanda danshin ƙwaya ya ragu da kashi 1 cikin 100 kwananta yana ninkuwa, haka ma in sanyin wurin ajiya ya ƙaru da kamar digiri 5

Maman Khairat: Malam ka ce mai tamoji ɗazu, na leƙa wani kwanso da ya fara bushewa da kansa na ga ƙwayar duk ta yamutse, na ɗauka lalacewa ta yi

Malam Nura: Ba lallai ba ne Hajiya. Fis mai zaƙi wanda ake ci ɗanye haka busasshiyar ƙwayarsa take, sukarinsa ya fi yawa sitacinsa kaɗan, in ruwan ya fita sai fatar ta tattare. In kin tuna wanda aka kawo miki yana da tamojin to gadonsa ne. Wadda za ki tsince ki yar ita ce ƙanƙanuwa shafal, da mai baƙin tabo, da mai huji, da wadda ta fashe

Ummi Gwale: Ni tambayata daban, wanda ake sayarwa a manyan kantuna a leda cikin firiza fa? In na narkar na shanya?

Sadiya Jos: Wannan kam ko kusa Ummi, ɗanye aka cire shi kuma sai da aka tsoma shi a tafasasshen ruwa kafin a daskarar. Haka wanda masu kayan miya suke ɓarewa su ƙulla a leda shi ma na tukunya ne

Abba Ɗorayi: To mu zo kan ƙwari tunda kun ƙi tawa. Wake ma da muka saba da shi wata biyu ya yi a buhu sai ka ga ya zama gari. Sai dai ta nemi maganin feshi ta ɗan yayyafa ko ƙwayar nan da ake jefawa a buhu

Hajiya Uwani: Subhanallahi, a gidan da yara suke? A'a Abba. Ɗan irin da bai fi cikin kofi biyu ba me ya kai shi guba. Toka muke yi, tokar murhu mai sanyi a tankaɗe ta, a cakuɗa da irin har ta rufe shi ta cike duk wata kafa, a zuba a ƙaramin tulu ko kwalba a toshe baki. Wasu suna ƙara busasshen barkono ko ganyen darbejiya, wasu yashi mai laushi suke sawa a madadin toka. Ranar shuka a tankaɗe a ɗauki iri. Kakata a ɗan tulu take yi ta liƙe bakin da taɓo, ba ta fasawa sai ruwa ya sauka

Malam Nura: Abba dan Allah wannan shawarar kar a sake ba wa kowa ita a gida. Ƙwayar da ake jefawa a buhu iskar guba take fitarwa, an yi ta ne don sito da ba kowa ke kwana a ciki ba, a ɗaki tana iya kashe mutum. Na feshin kuma shi ne ya jawo mana abin kunya, a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Hanyar Hajiya tana aiki, kuma akwai wata da ta yi kama da ita, wato hana ƙwaron iska. Buhun PICS da kuke gani wajen 'yan hatsi a Dawanau, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da shi saboda wake, ba magani a cikinsa ko kaɗan, ana ɗaure kowace leda daban, ƙwaron ya shaƙe 'yar iskar da ta rage ya mutu. Mai iri kaɗan ba ta buƙatar buhu, kwalbar bama da aka wanke ta bushe ko gorar ruwa mai murfi mai kyau ta isa, a cika ta har wuya don kar a bar wa iska wuri, a ɗaure tam. Sharaɗin guda ne, sai irin ya bushe sosai. In kin rufe shi da sauran danshi zai yi gumi a ciki ya yi fumfuna, gara ma wanda aka bari a ambulan ɗin takarda

Abba Ɗorayi: Na karɓi gyara kan maganin Malam. Amma a kwalba a rufe irin shi ba zai shaƙe ba? Ai kun ce yana da rai

Malam Nura: Busasshen iri numfashinsa kaɗan ne ƙwarai, barci yake. Manyan rumbunan ajiyar iri na duniya ma a rufe suke ajiyewa cikin fakitin da iska ba ta shiga. Na Svalbard a ƙasar Norway da aka buɗe a 2008 a cikin dutse yake, sanyinsa digiri 18 ƙasa da sifili. Nan gida ma cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan tana riƙe da nau'in wake sama da 15,000, kuma suna da reshe a nan Kano

Ummi Gwale: To firij fa tunda sanyi yake so?

Sadiya Jos: In wutarku tana zama. In kuwa irin tamu ce ta zo ta ɗauke, kwalbar ta yi sanyi ta huce ta yi raɓa, to ɓarnar ta fi gyaran. Abin da na san ana yi shi ne in ya bushe a sa kwalbar a rufe cikin firiza mai ƙanƙara sosai kamar sati guda don ƙwan ƙwari ya mutu, in an fito da ita kar a buɗe sai ta huce gaba ɗaya ta daina zufa. Bayan nan a nemi wuri mai duhu a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ƙasan gado ko ƙasan kabad, ban da kicin ban da saman wadrof kusa da rufi

Alhaji Garba Mai Lambu: Kuma ki raba biyu 'yata, kar ki zuba duka a kwalba ɗaya. Ki rubuta a takarda ki jefa ciki, wata da shekara da inda irin ya fito, don yanzu gani kike ba za ki manta ba. In an adana shi da kyau yana kai shekara uku yana fitowa, amma ni ban yarda mutum ya wuce biyu bai sabunta ba a zafin garin nan. In damina ta ɗauke, wajen ƙarshen Oktoba, ki ɗebi ƙwaya goma ki naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ki ajiye a inuwa kina yayyafa ruwa, cikin sati zuwa kwana goma ki buɗe ki ƙirga. Takwas ko tara suka tsiro irinki lafiya lau. Biyar ko shida, ki riƙa zuba bibbiyu a rami. Ƙasa da haka ki fara cigiya tun da wuri. Sai an gwada akan san na ƙwarai

Maman Khairat: Allah ya saka da alheri Baba. Saura lokacin shuka, bana a tsakiyar Nuwamba na yi, ya yi ko in riga haka?

Alhaji Garba Mai Lambu: Ya yi daidai. Ki bari sai kin fara jin sanyin asuba. In kika yi gaggawa a Oktoba ƙasa da sauran zafi zai fito a sirance, in kika makara zuwa Janairu furensa zai haɗu da zafi ya zube. Tunda kuma kina son iri to gara farkon Nuwamba zuwa tsakiya, don ki tuna na iri sai ya ƙara kusan wata a kan na ci

Malam Nura: Ƙari ɗaya kan bokitan. Kar ki maimaita fis a ƙasar da ya fito bana, cutar saiwa tana zama a ciki. Ki yanke karan daga gindi ki bar saiwar, in kin tona za ki ga 'yan ƙululu a jikinta, nan ne ƙwayoyin halittar da suke tara sinadarin naitirojin suke zama kamar dai na wake da gyaɗa. Ki sa alayyafo ko salak a wannan ƙasar, fis kuma a sabuwa. Sannan wanda zai je neman iri ya lura, irin da ake kira SAMPEA da cibiyar binciken noma ta IAR ta Samaru take fitarwa wake ne namu na gida, kar a ba ka shi a matsayin fis

Ummi Gwale: Anti Maman Khairat in Allah ya sa ya yi albarka dan Allah a tuna da mu ko ƙwaya ashirin ce, ina da buhuna a soro ba abin da nake sawa

Maman Khairat: In sha Allahu Ummi, ki tuna min bayan damina in na yi gwajin tsumman. Yanzu na fito daga wajen, na ɗaura wa masu kyan alama, amma akwai ɗaya da ta fi kowacce yawan kwanso sai dai ganyenta na sama ya ɗan nannaɗe da ɗigo-ɗigon rawaya, in haɗa da ita?

Malam Nura: A'a Hajiya, wannan ta tukunya ce. Ki cinye abin da ke jikinta ki tumɓuke ta ki fitar daga wajen, sannan ki duba ƙasan ganyen na kusa da ita ko akwai ƙananan ƙwarin nan masu tsotsa da ake kira darɓa, su ne suke ɗaukar cutar daga wannan zuwa waccan. In kin gan su ki dama sabulu kaɗan a ruwa ki fesa da yamma